Land Cruiser ɗin da na biya da albashina

Asabar ɗin da ta wuce na kwashe kayana daga shagon da muke harhaɗa 'yan ƙananan motocin roba na ado. Ba wasu kaya ba ne: matsefata biyu, 'yar wuƙar da na naɗe ƙotarta da zare, allurar ɗinki da na kafa a bakin tsohon biro, sai kwalin takalmi guda da ban yarda kowa ya riƙe mini ba. Duk wanda ya saba biyowa ta wurinmu a Birnin Kebbi ya san bencin nan na ƙurya, bayan teburin da ake yanka kwalin samfurin gine-gine, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Da gangan aka ajiye shi can saboda ƙura. Shekara huɗu da wata biyar na yi a kansa. Tun ranar ake ta tambayata ko faɗa muka yi da Maigida. Ba mu yi ba. Na durƙusa na yi masa sallama, ya sa mini albarka, har da kuɗin mashin ya ba ni.

Gaskiya ɗaya ce, shi ya koya mini hannu. Da na zo wurinsa iyakacin sanina motar kara da ta gwangwanin madara, irin wadda kowane yaro ke ja da waya a lungu. A wurinsa na fara jin cewa 'yar mota ma tana da lissafi: awon 1/24 na nufin duk santimita 24 a jikin motar gaske santimita 1 ce a hannunka, babur kuma yawanci 1/12 ake yin sa don wayoyi da sarƙa su fito. Shi ya nuna mini cewa gam ɗin nan mai koren murfi na Tamiya, kamfanin da ke yin irin waɗannan 'yan motoci, narkar da robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta, shi ya sa ɗigo ɗaya a inda bai kamata ba ya isa ya ɓata aikin mako. Wannan ba zan taɓa ƙwace masa ba.

A azumin 2024 abin ya faru, lokacin da zafin bazara ya kai ko ƙarfen ƙofar shago ba ka iya dafawa da rana. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya aiko mana da aiki. Ya ce a 1991, shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato, ya sayi Land Cruiser 80, motar da ya fara shiga garinsu da ita aka san ya kafu. Motar ta daɗe da barin hannunsa, hotuna biyu kawai suka rage. Ɗansa ya samo masa kwalinta na Tamiya daga waje, wato 'yar ƙaramarta ta roba a rarrabe cikin kwali, yana so a harhaɗa ta da kalar tasa, kore mai duhu, ta zauna a falo kafin baƙin Sallah su fara shigowa. Motar gaske ta kai kusan mita 4.8, tamu kuwa ba ta wuce santimita 20 ba, taƙi ɗaya ke nan.

Ciki bai ba ni wahala ba. Kwana tara na gama kujeru da sitiyari da ƙasan motar, na shimfiɗa mata dardumar ƙafa da yankin tsohuwar hula. Matsalar fenti ce. Masu wannan sana'a sun san ciwon: kwali yana shigowa a jakar matafiyi, amma gwangwanin fesawa ba a yarda ya hau jirgi ba saboda yana kama wuta. Abin da muke da shi a shago fari ne da ja, sai ragowar baƙi. Shafen farko ma, wanda masu fenti ke ce wa firaima, ya ƙare tun kafin azumi.

Saura kwana huɗu Sallah Maigida ya miƙo mini hoton, ya ce in je wurin masu fentin mota su haɗa mini kalar, su kuwa da tina suke tsinka fentinsu. Na ce, "Maigida, tinarsu fa da zafi, kuma ba mu da firaima." Ko ɗago kai bai yi ba daga allon da yake rubutawa. Ya ce, "Henti dai henti na. Tun ba a haihe ka ba nika wanga aiki. Tahi ka amso." Yaran shago biyu suna tsaye, sun ji da kunnensu.

Na je na amso. Kalar ta fito daidai, har mai haɗawar yana yaba kansa.

A nan ne nawa laifin yake, kuma laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hangen nasa. A cikin kowane kwali akwai reshen da ake yanko sassan daga jikinsa, roba iri ɗaya da jikin motar. Fesa ɗaya a kan reshen, a jira minti biyar, da na ga komai. Shi kansa Maigida ya koya mini haka a watana na farko. Na riƙa cewa wuta ce ta sa ni sauri, don bayan la'asar aka kawo ta, kwamfiresar da ke ba bindigar fenti iska kuma ba ta jiran kowa, ga azumi ya fara cina. Duk gaskiya ne. Amma akwai wanda ban taɓa gaya wa kowa ba: raina ya sosu da yadda ya gwasale ni a gaban yara, sai wata zuciya ta ce mini, tunda ya ce fenti fenti ne, fesa masa ya gani. Na ɗauka in ta ɓaci a kansa za ta ɓaci.

Na soke jikin motar a kan waya, na matso da bindigar fenti kusa, na ba ta lafiyayyen shafe mai jiƙa. Wallahi a daƙiƙun farko ban taɓa ganin kore mai kyan wannan ba, har ƙwan fitila nake gani a kan bonet. Ban ajiye bindigar ba na ga hoton ƙwan ya fara karkacewa. Saman bonet ya tattare kamar yanar da koko ke yi in ya huce. Daga nan ya bi rufi, ya gangara ƙofofi. Layukan da suka raba ƙofa da ƙofa suka cike, hannun ƙofa ya koma ɗan ƙullutu. Cikin ruɗewa na kai babban yatsa na dafa ƙofar baya ta hagu, sai yatsan ya shige kamar na danna cingam. Na zauna ina kallonta har aka kira magariba, warin tina ya cika mini kai, dabinon da ke aljihuna ma sai da wani yaro ya tuna mini.

Dalilin ba boyayye ba ne. Robar waɗannan kwalaye polistirin ce, tinar masu mota kuwa an yi ta ne don fentin da zai hau ƙarfe, tana ɗauke da irin sinadaran da ke narkar da polistirin, aikin da gam ɗinmu ke yi ke nan. Ashe gam na watsa wa motar tun daga kai har ƙafa. Da akwai firaima a tsakani, da kuma na tsaya nesa na yi ta ba ta fesa kaɗan-kaɗan kamar raɓa ina bari tana shan iska, da wataƙila ta tsira. Shafe mai nauyi a kan roba tsirara, ba ta da mafita.

Washegari da hantsi Alhaji ya zo da kansa. Ina tsaye a bayan Maigida riƙe da kwalin. Ya karɓa ya buɗe masa, ya girgiza kai, sannan ya ce, "Wallahi Alhaji, ina masallaci yaron ga yaɗ ɗauko hentin mota yaw watsa mata. Bai ko shawarce ni ba." Da azumi a bakinsa ya faɗi haka. Na dubi yaran nan biyu, ɗaya ya duƙufa yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tebur, ɗayan ya fita. Alhaji ya daɗe yana juya motar a hannunsa, sannan ya ce mini, "Ɗana, mi yas sa ka gaggawa? Allah shi kyauta." Na ce, "A yi haƙuri, Alhaji." Ban ƙara ko kalma ba. Har yau in na tuna, wannan "ɗana" ɗin ya fi rantsuwar Maigida yi mini ciwo, don da tausayi ya faɗe shi, irin tausayin da ake yi wa sakarai.

Aka yanke cewa za a sayo wani kwalin daga albashina. A yadda dala ta kai a lokacin, wata biyu da rabi ya ci. Sallar nan da tsohuwar shadda na yi ta. Sabon kwalin ya iso bayan Babbar Sallah tare da firaima da aka biyo da ita ta mota daga Legas, ni na sake harhaɗa ta tun daga farko, Maigida ya sa babbar riga ya kai ta gidan Alhaji. An ce an yi tukuici mai kauri. An ce.

Waccan da ta lalace kuwa na tafi da ita gida, ba wanda ya tanka, tunda shara ce. Mako uku ban taɓa ta ba, sai da tinar ta gama fita robar ta koma da tauri. Sannan na fara bin ta da samfefa a cikin ruwa, lamba 400, na koma 600, na koma 1000, da dare bayan isha'i a ƙofar ɗaki da fitilar waya a baki. Inda ya zurfafa na cike, na sake gogewa. Layukan ƙofa da allurar nan ta bakin biro na sake tona su, ina manna tef ya zame mini jagora, ja ɗaya mara nauyi sau ashirin maimakon ja mai ƙarfi sau ɗaya. Hannayen ƙofa na yanke su gaba ɗaya, na gasa reshe a kan kyandir na ja shi ya yi siriri, na lanƙwasa sababbi. Da damina ta zauna ƙura ta kwanta, sai kuma laima ta zo da nata, don in iska ta jiƙe fentin yakan yi fari-fari kamar hazo, dole na riƙa jiran ranar da gari ya buɗe. Cokulan roba na masu shayi goma sha ɗaya na fesa kafin in yarda in kusanci motar. Kuma da ragowar fentin nan dai na masu mota na gama ta, a kan firaima, daga nesan taƙi ɗaya da rabi, shafe shida marasa nauyi. Wanda bai san labarin ba ba zai nuna inda ta narke ba, in ban da ƙofar baya ta hagu, wadda in ka karkata ta a rana za ka ga ɗan kwari inda yatsana ya shiga.

Kuskuren da na yi shi ne sa hotonta a WhatsApp. Da safe Maigida ya kira ni, fuska a sake, ya ce in kawo ta a sa a gilashin gaban shago, ai kayan shago ne. Na ce, "Maigida, ai na biya." Shi ke nan abin da na faɗa, kuma shi ne karo na farko da na mayar masa da magana. Bai ce komai ba. Daga ranar gaisuwa ta koma ta baki, ayyukan babura da aka san nawa ne suka koma hannun yaron da ya duƙa ƙarƙashin tebur, ni kuma aka mai da ni yankan kwali da liƙa ciyawar roba a samfurin gidaje. Na yi haƙuri iya yadda zan iya.

Sauran abubuwan da na koya ba su da dogon labari. Kada sufa gulu ta kusanci gilashi, tururinta na sa shi ya yi fari, farin gam na kafintoci ya isa. Sassa masu ƙyallin azurfa sai an kankare wurin haɗin kafin gam ya kama. Da hunturu a yayyafa wa ƙasa ruwa kafin fesawa, a kife kwano a kan aikin da zarar an gama. Kada a bar wa mai aiki motarsa a kan dashbod da rana, wata Pajero ta dawo mana rufinta a lotse. A duba gefen da sitiyari yake tun kafin a karɓi aiki, don kwalayen Japan da yawa a dama yake zuwa. Wani tsohon direba ne ya fara lura, ya yi ta dariya yana cewa a irinta ya koyi tuƙi kafin a sauya hannu a 1972. Masu zuwa neman Boxer ta kabu-kabu kuma a gaya musu gaskiya tun farko, mu dai Honda CB750F da ire-irenta muke samu.

Ga waɗanda na bari a shagon, ba na zuga kowa, mutum ne mai ilimin aikin kuma za ku ƙaru da shi. Sai dai duk ranar da ya ba ku umarnin da kuka san da magana a ciki, ku ce ya turo muku a murya ta waya, saboda mantuwa. Kowa na mantuwa, musamman da azumi.

Shekaranjiya ɗan Alhajin ya kira ni, ban san inda ya samu lambata ba. Ya ce akwai kwalin babur a hannunsa, kuma an gaya masa wanda ya yi ta falon Baba. Na ce ya ba ni mako uku. Benci na samu, ƙanena ya ba ni aron rabin ɗakinsa a Badariya. Kwamfiresa ce ta rage, ko ta tsohon firiji ce zan iya haɗa ta, in akwai mai ita a kusa.