Tafiyata Kure wajen raƙuman dawa, da takardar da ta zaunar da mu kwana uku a Yamai

Ni dai sana'ata ɗaukar hoto ce a Sakkwato, biki da suna da walimar sauka, ban taɓa kawowa a raina cewa kyamarata za ta kai ni cikin daji ina bin sawun raƙumin dawa ba. Taubashina ne ya ja ni, ɗan kawuna na Birnin Konni, lokacin yana digiri na biyu a jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai kuma bincikensa a kan raƙuman dawan Kure ne. Ya kira ni farkon watan Yulin 2019 ya ce taubashi kyamarar nan taka mai dogon baki nake so, amma tare da mai ita, ka turo min hoton fasfo ɗinka yau ɗin nan. Na ce to, sai hidimar wani biki ta ɗauke min hankali, ban tura ba sai bayan kwana goma sha.

Ƙarshen wata na kama hanya, Sakkwato zuwa Illela, na tsallaka Konni na canza naira zuwa sefa na kwana gidan kawu, da asuba muka shiga bas ɗin Yamai. Damina ta zauna sosai, gero ko'ina kore shar, muka wuce Dogon Dutsi da jajayen tuddanta, muka tsaya Doso muka yi sallah muka ci dambun zogale. Bayan Birnin Gaure sai taubashi ya taɓa ni ya nuna min allo a gefen titi da zanen raƙumin dawa a jiki, ya ce nan fa Kure ke nan, saura kamar kilomita 60 mu shiga Yamai. Na ce to mu sauka mana tunda ga mu ga wurin, ya girgiza kai ya ce ba takarda a hannu ba mu da abin yi a nan.

Washegari muka je ofishin da ke kula da namun daji a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Takardar izinin bincikensa ta fito, su can otorizasiyon suke ce mata, an buga mata hatimi an sa hannu, amma sunana babu a ciki saboda lokacin da ya shigar da buƙatar hoton fasfo ɗina bai iso ba. Jami'in da muka samu dattijo ne mai natsuwa, da Hausa mai kyau, ya ce sai an rubuta sabuwar buƙata an ƙara ni a matsayin mataimaki. Raina ya ɓaci gaskiya, na ce ranka ya daɗe ni fa hoto kawai zan ɗauka, kuma na ji an ce masu yawon buɗe ido kuɗi kawai suke biya a bakin hanya su shiga su ɗauki hotonsu. Ya ce haka ne malam, shi baƙo zai biya ya ɗauki ɗan jagora ya yi awa biyu ko uku ya koma, ku kuwa kwanaki za ku yi kuna bin garke guda, kuna rubuta inda suke kwana da inda suke kiwo da na'urar GPS, kuna ɗebo kashinsu. Ya ce wannan littafin da za ku cika, in ya faɗa hannun da bai dace ba ai taswira ce kuka zana wa mafarauci, don haka dole mu san kowane mutum da idonsa zai gan shi. Ban sami abin cewa ba.

Kwana uku muka yi muna jira. Na ga kogin Kwara daga kan gadar Kennedy, na shiga gidan tarihi na Boubou Hama, na ci kilishi har ya ishe ni, da dare kuma taubashi yana ba ni labarin dabbobin nan a ɗakinsa na ƙetaren kogi. A nan na fara gane girman abin. Wannan jinsin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a da tun daga Senegal har tafkin Chadi ake samunsa, har da arewacin Najeriyarmu, amma farauta da fari da sare daji suka cinye shi ƙasa bayan ƙasa, har a 1996 aka ƙirga aka tarar 49 kacal suka rage a duk duniya, dukansu a wannan yanki na Nijar. Arba'in da tara fa, ko garken Bafulatani guda bai kai ba. Daga nan aka tashi tsaye, gwamnati da mutanen ƙauyukan da ƙungiyoyi, dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta zo, kashe raƙumin dawa ya zama babban laifi, zuwa lokacin da muka je sun haura 600. A 2008 hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sa su cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, a 2018 ta sassauta matakin saboda sun ƙaru, amma har yanzu suna cikin jerin waɗanda ake ji wa tsoro.

Da takardar ta fito na karɓa na karanta da taimakonsa tunda da Faransanci take. Sunayenmu biyu, ranar farawa da ranar gamawa, yankin da aka yarje mana, abin da za mu yi wato hoto da kallo da ɗibar kashi, ba taɓa dabba, ba tashin jirgi mara matuƙi, dole mu kasance tare da ma'aikacin gandun daji da ɗan jagora, kuma in an gama a ajiye musu kwafin rahoto da na hotuna. Wannan na ƙarshen shi ya fi zama min a rai, don taubashi ya ce an sha yi a ƙasashenmu baƙo ya zo ya yi bincike ya kwashe komai ya tafi, 'yan ƙasa sai dai su ji labari a mujallar da ba su da kuɗin saye.

Muka koma Kure da wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga daji. A bakin titi akwai rumfar 'yan jagora, suna da ƙungiyarsu, duk 'yan ƙauyukan nan ne Zabarmawa, ma'aikacin gandun daji ya duba takardar layi-layi ya haɗa da fasfo ɗina ya rubuta a wani babban littafi. Aka haɗa mu da wani dattijo siriri da rawani, Hausarsa da ɗan karin Zabarmanci, Baba muke ce masa. Ya hau saman motar ya zauna da doguwar sanda, in yana son a yi dama sai ya sauko da sandar ta gefen dama na gilashi, in hagu hagu, haka muka dinga ratsa dajin. Dajin nan wani iri ne, layin itatuwa sai fili fetal mai jan tsakuwa sai wani layin itatuwa, an ce in ka gan shi daga sama kamar zanen jikin damisa, da damina nan suke hawowa, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Bosso inda gawo ke da ganye.

Mun fi awa ɗaya ba mu ga komai ba sai shanu da gonaki, can sai Baba ya buga rufin mota sau biyu direba ya tsaya. Na duba na duba ban ga komai ba wallahi, sai da wani abu da na ɗauka busasshen reshe ne ya juyo ya kalle ni. Tsikar jikina ta tashi. Su bakwai ne, kalarsu ba irin ta talabijin ba ce, farare-farare ne da zane ruwan ƙasa mai haske kamar an wanke, ƙafafunsu kusan fari tas. Wata uwa tana cin aduwa, ta zuro harshe baƙi-baƙi dogo ta naɗe reshe ta zare ganyen ta bar ƙayar, ga gashin ido zara-zara, ga tsuntsaye suna bin wuyanta, kuma duk girman nan nata ba ka jin motsinta sai ƙarar tsinkewar ganye. Kunnenta na hagu yana da 'yar tsaga. Na tsaya da kyamara a hannu na manta da ita sai da taubashi ya ce malam aiki fa.

Aikin kuwa ba irin hoton da na saba ba ne, ba kyau ake nema ba. Kowane raƙumin dawa zanen jikinsa daban ne kamar zanen yatsa kuma ba ya canzawa har ya mutu, sannan zanen dama ba ɗaya ba ne da na hagu, don haka dole ka samu gefe biyu, cikakke, a miƙe, ba reshe a gaba. Sai ka samu dama tas, ka zagaya neman hagu ita ma ta juya. Da dare mu baje a kwamfuta muna gwadawa da kundin da ake da shi, wannan an san ta, wannan sabon haihuwa ne a buɗe masa shafi. Da haka ake ƙirga su ɗaya bayan ɗaya duk shekara, ba kintace ba. Baba kuwa ba ya buƙatar kundi, daga nesa zai ce wannan 'yar wance ce.

Rana ta uku muka ga mai tsagar kunnen da ɗanta, ƙarami sosai har da ragowar cibiya a jikinsa amma ya kusa tsawona, wata 15 uwar ke ɗauke da ciki kuma a tsaye take haihuwa. Haske ya yi kyau, na fara matsawa a hankali ban ma sani ba, sai ma'aikacin gandun dajin ya riƙe min riga ya ce malam nan ne iyaka. Na ce taku biyar kawai ranka ya daɗe. Ya ce dubi uwar, na duba ta daina ci ta miƙe wuya ta kafe mu da ido. Ya ce in ta zabura ɗan zai bi ta, ga titin kwalta can manyan motoci na wucewa, kuma mota ta sha kashe su a hanyar nan. Na ja da baya, hoton ya fito da ɗan nisa amma zanen ya fito, shi ake so.

A hanyar komawa na tambayi taubashi me ya sa ba a maƙala musu na'ura kawai a huta, ya ce ana yi wa wasu ƙalilan, ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana, amma wannan izininsa daban ne kuma mai tsauri, sai da likitan dabbobi ƙwararre, saboda sai an harbe ta da allurar barci kuma raƙumin dawa ba ya jure kwanciya, in aka yi jinkirin ba shi makarin allurar zai iya mutuwa a wurin. Ya ba ni misali da abin da aka yi a Nuwamban 2018, gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin kare namun daji na Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund suka kama guda 8 aka ɗauke su a babbar mota fiye da kilomita 800 zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda rabon da a ga raƙumin dawa kusan shekara 50, don kada a bar ƙwai duka a kwando ɗaya in wata cuta ko fitina ta faɗo wa Kure.

Ba kowa ke murna da su ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani manomi da muka sha ruwa a gidansa ya ce min gero ba ruwansu da shi, amma wake da mangwaro in suka samu sai dai ka yi haƙuri, ga shi ba dama ka ɗaga musu hannu. Ya ce duk da haka ba zai so a wayi gari babu su ba don tare ya tashi ya gan su, abin da yake so kawai masu zuwa da littafi su riƙa rubuta ɓarnar ma. Taubashi ya buɗe littafinsa ya rubuta a gabansa.

Kwana takwas muka yi, muka koma Yamai muka ajiye kwafin hotunan kamar yadda takarda ta ce, kashin da muka ɗebo a 'yan kwalabe kuma ya tsaya ɗakin gwaji na can, bai tsallaka iyaka ba. Na dawo gida na yi babbar sallah, ranar 20 ga Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a cikin watan ne kuma taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, a Janeba ya sa raƙumin dawa cikin jerin dabbobin da fitar da su ko wani sashe na jikinsu daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini.

Ranar 9 ga Agustan 2020 ina cikin shago na ji a rediyo 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban 'yan jagora. Jikina ya mutu, na dinga kiran taubashi har ya ɗauka, ya ce Baba yana nan lafiya amma an rufe wurin, rumfar nan ba kowa. Bayan wasu watanni ya haɗa ni da Baban a waya muka gaisa, na yi masa ta'aziyyar abokin aikinsa, na ce Baba ina mai tsagar kunne. Ya ce ya gan ta da rani a Dallol ƙarƙashin gawo, ɗan ya girma har ya wuce kafaɗarta.