Kan ƙofofi na yi ta kallo daga Bauchi har Kafin Madaki

Ranar Asabar na kama hanyar Ningi zan je Kafin Madaki, kuma tun kafin mu fita gari idona na kan sababbin gidajen nan, kusan kowanne an yi mai ado a saman ƙofa da taga, layi a miƙe ɗoɗar an tsattsaga shi kamar an jera duwatsu a karkace, na tsakiya ya fi girma ya ɗan turo kai. Wani dattijon magini ne kusa da ni a mota, nace Baba wannan abun yana riƙe gini kuwa? Yace ina, ɗana, siminti ne kawai aka shafa aka zana, linta ce ta kankare da rodi a ciki take ɗauke da kayan.

Na asalin shi ne irin na tsofaffin gidajen jan bulo na Ingila, bulon ake yankawa sama faɗi ƙasa tsuke, to kowanne in zai zame sai ya matse na kusa da shi, na tsakiyan ya kulle su, nauyin ya tafi gefe ya danne bango dama da hagu. Shi yasa dole bangon gefen ya zama mai ƙarfi, in ba haka ba ya buɗe abun ya rufto.

Da muka isa na wuce Gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, tun 1956 gidan yake cikin kayan tarihin ƙasa. Wallahi na daɗe a tsaye. Mu namu azara ce ake gicciyawa a kan ƙofa, itacen giginya da gara bata cika ci ba, a ɗora ƙasa a kai, in ɗakin yayi faɗi sai a tada bakan gizo, ana jera azara tana ɗan leƙowa kan 'yar uwarta har su haɗe a sama, kana ɗaga kai kaga abinda ke riƙe da rufin da idonka, ba ɓoye ɓoye.

Abun na min ciwo gaskiya, mai kuɗi zai kashe miliyoyi a zana mai duwatsun ƙarya a kan taga, alhali ko dagi ɗaya bai sa a goshin zaurensa ba, kuma masu iya wannan aikin hannu tsufa suke yi, yaran duk sun koma buga bulo.

La'asar na samu motar dawowa, cike da buhunan masara har kan kujera.