Ɗigon Baƙin Mai a Hanyar Daura

Da asuba na fita daga Kurna, ranar wata Alhamis cikin hunturu, zan je Daura sunan ɗan ƙanwata. Babur ɗina irin na China ne mai injin CG, shekararsa shida a hannuna. Jajibirin tafiyar na kai shi an yi masa juyen baƙin mai a wani gareji da ba nan na saba zuwa ba, don nawa makanikin ya yi tafiya. Yaron shago ne ya yi aikin, ni kuwa ina gefe ina amsa waya. Da ya ce an gama na biya na hau.

Na wuce Dawanau manyan motoci na jere a bakin kasuwar hatsi, 'yan dako sun lulluɓe da barguna suna jiran gari ya waye sosai. Daga nan na ɗauki hanyar Dambatta. Hazo ya sauka, ba ka hango gabanka da nisa, gonaki duk an girbe sai kara a tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Injin na tafiya lafiya, ban ji wani baƙon sauti ba.

A Dambatta na tsaya wajen mai shayi don yatsuna sun ƙage. Ina cikin kurɓa sai wani dattijo da ke zaune a kan benci ya nuna ƙarƙashin babur ɗin da sandarsa, ya ce, "Malam, abin hawanka na zubar da mai." Na duƙa. Ɗigo uku ne a kan yashi, na huɗu yana rataye a bakin wani murfi mai faɗi da ke ƙasan injin ta ɓangaren hagu, kusa da abin sa giya. Na shafa da yatsa, mai ne sabo, ko baƙi bai yi ba. Bayan injin har kan tayar baya duk ya yi maiƙo, ƙura ta manne. Na zaro gejin mai na goge na mayar, ya nuna man ya yi ƙasa amma bai ƙare ba. Na sayi gwangwani ɗaya na ƙara, na ci gaba a hankali, ina tsayawa ina leƙawa, har duwatsun Kazaure suka bayyana.

Makanikin da aka nuna mini a Kazaure mutum ne mai furfura, rumfarsa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Bai yi gaggawa ba. Ya sa yaronsa ya wanko roba mai tsabta ya tara, ya ɗauko sifana lamba 24 mai zobe, ya ɗora ta sosai a kan murfin kafin ya murɗa. Da murfin ya saki sai ya tura hannunsa waje, wani sifirin ya biyo shi, sannan wata 'yar rariya mai kamar hular yatsan tela, bakinta da roba. Ya jera su uku a kan tsumma.

"Ka ga abin da aka yi maka?" ya ce. A wuyan murfin akwai wani kwarmi inda zoben roba ya kamata ya zauna. Zoben ya tsinke, sai aka naɗe wajen da leda, aka ɗaure murfin da ƙarfin tsiya don ya kama. Zafin inji ya narkar da ledar, mai ya samu hanya. Gefunan kan murfin ma duk sun lalace, alamar an sa sifanar da ba daidai ba.

Na ce, "Baba, ni da na ɗauka noti ne kawai na zubar da mai."

Ya ce yawancin masu babur haka suka ɗauka. Ya ɗaga rariyar ya nuna mini a hasken rana. Duk man da famfon inji zai ja daga ƙasa ya aika wa fistin da karansha da kan inji, sai ya ratsa ta cikinta tukuna. Murfin shi ke danne sifirin, sifirin ya danne rariyar a mazauninta, don kada mai ya zagaye ta gefe da dattinsa. In murfin ya yi sako-sako mai ya tsiyaye, kuma injin da cikinsa gaba ɗaya wajen lita 1 yake ɗauka ba ya da rarar da zai yi asara. In an matse shi fiye da kima, alminiyan ne, ko ya tsage ko zarensa ya cinye, wani lokaci har da zaren jikin injin, wanda gyaransa ya fi ciwo.

Ya zuba fetur kaɗan a gwangwani ya wanke rariyar da tsohon buroshin haƙori. Abin da ya kwanta a ƙasan gwangwanin ya ba ni tsoro: baƙin tabo, ɓurɓushin fatar kulochi, guntayen gam ɗin da aka taɓa shafa wa gasket, da wasu ƙwayoyi biyu masu ƙyalli. Ya murza su a yatsa ya ce wannan kaɗan ne, ba abin damuwa ba, amma duk ranar da na ga ƙarfe ya yi yawa a nan to wani abu na cin kansa a ciki, in buɗe inji kafin ya buga. Shekara shida ana yi mini juye, ban taɓa tsayawa na kalli wannan rariyar ba, kuma ba na jin ana wanke ta kowane lokaci.

Abin ya fi damuna da na tuna asalin injin. Kamfanin Honda ya fitar da CG125 a 1975, kuma ya ƙera shi ne musamman don ƙasashen da ake ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, ba a kuma canza mai a kan lokaci. Shi kamfanonin China suka kwaikwaya, shi ya cika garuruwanmu. Ba shi da filtar takarda irin ta mota da ake cirewa a yar. Wannan rariyar ce, sai wata filta mai juyawa da ke ɓoye a bayan murfin kulochi ta dama. Inji ne mai haƙuri, mu kuma muna cin amanar haƙurin nasa a kan zoben roba da bai kai kuɗin kofin shayi da burodi ba.

Ya aiki yaron ya sayo sabon murfi da zobensa. Ya shafa wa zoben mai da yatsa, ya sa rariyar bakin robarta na kallon cikin inji, sifirin a baya, sannan ya fara ɗaura murfin da hannu har ya zauna kafin ya taɓa sifana, ita ma ɗan ja ɗaya ya yi ya bari. Ya ƙi mayar da man da aka tara, ya ce ƙura ta faɗa ciki, aka zuba sabo. Ya tayar da injin ya bar shi yana aiki, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, muka zauna muna hira kan tsadar kayan gyara. Da ya janye kwalin babu ko ɗigo.

Na shiga Daura bayan azahar, an riga an raɗa suna tun safe, an yanka rago, sai naman da aka ajiye mini. Da yamma ƙanin mijin ƙanwata ya raka ni rijiyar Kusugu, muka sha ruwanta a guga. Tsohon murfin yana aljihuna naɗe a tsumma. Washegari kafin in kama hanyar gida na duƙa a ƙofar gidan na shafa ƙasan injin, yatsana ya fito a bushe.