Abin da ƙidayar tsuntsaye a Nguru ta koya min

Lokacin da supabaiza na ya ce firojek ɗina na shekarar ƙarshe a kan tsuntsayen dausayin Hadejia-Nguru zan yi, wallahi dariya na yi a raina. Mu da muka taso da danƙo a aljihu muna harbin kurciya, yau a ce in zauna in ƙirga su in rubuta a littafi? Ko a gida da na faɗa, Hajiya cewa ta yi "yanzu duk kuɗin makarantar nan tsuntsu za ka je kallo?"

Na isa ne ƙarshen watan Maris, bazara ta fara, zafi kamar ana gasa mutum. Ashe lokacin da Turawa ke murnar sanyi ya wuce itatuwa na toho, shi ne lokacin da baƙin tsuntsayen da suka yi hunturu a wajenmu ke haramar komawa. Ƙananan agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a taɓo, suna ci babu ƙaƙƙautawa don su tara kitse, saboda Sahara ce a gabansu sannan ga teku. Kai ka ga abu ɗan mitsitsi da bai cika tafin hannu ba amma ya fi ka yawon duniya ba fasfo ba biza. Su suna tafiya, shamuwa kuma tana shigowa daga kudancin Afirka, wadda kowane ɗan ƙauye ya san in ta sauka a kan bishiyar gari to a fara gyaran gona.

Satin farko na sha kunya. Ina da madubin hangen nesa na aro, ga littafi mai hotuna, ga manhajar BirdLasser ta rubuta tsuntsayen da aka gani a waya irin wadda 'yan aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita, aikin da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, an yanka ƙasar gida-gida kusan kilomita 9 kowanne ana rubuta abin da aka gani a ciki. To duk da kayan nan sai in fito ƙarfe tara bayan na karya, in tarar da fili fayau sai balbela. Wani dattijo masunci da ke tuƙa ni a kwalekwale ya gaji da ni ya ce "ɗana, tsuntsu ba ma'aikacin gwamnati ba ne, in kana son su ka zo daga masallacin asuba." Washegari na bi maganarsa, kafin rana ta ɗaga na cika shafi biyu.

Baban nan bai taɓa riƙe madubi ba amma daga kuka yake gane kirinjijiya tun ba ta bayyana ba, ya san inda dinya ke kwana, ya san wane zalɓe ne ke tsayuwa shi kaɗai. Ni kuwa sai na buɗe littafi ina juya shafi har tsuntsun ya tashi. Daga baya na daina nuna isa, shi ya faɗi sunan da Hausa ni in nemo na littafi. Shi ne ma ya ba ni labarin zuwan mijin Sarauniyar Ingila wurin kare tsuntsaye na Dagona a 1989, da yadda a da gauraka ke sauka garke-garke, yanzu sai ka yi kwanaki ba ka ga ɗaya ba. Ungulu ma haka, ku tuna yaushe rabon ku da ganin ta a mahauta?

Wani abu da ya dame ni shi ne ƙirga. Garke ya tashi, ɗari uku ne ko dubu? Akwai ranar da na so in ƙara sifili ɗaya don tebur ɗina ya yi kyau, ba wanda zai sani. Amma lambar nan wani zai ɗauke ta bayan shekara goma ya gwada da tasa ya ce tsuntsaye sun ragu ko sun ƙaru, kenan ƙaryata za ta yi ta haihuwa. Na koyi ƙirga goma, in ɗauki girman goman in riƙa aunawa da ido, in ban tabbata da tsuntsu ba in bar shi.

Inda na fi jin jiki shi ne ranar da muka tara mutanen wani ƙauye don wayar da kai. Na miƙe da ƙwarin gwiwa ina ta bayani, yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi kaza, tun 2000 tafkin Nguru ke cikin jerin wuraren da duniya ta amince a kare, kada a kashe tsuntsu kaza. Wani manomi ya bari na gama tsaf sannan ya ce "malam, jan baki ma a cikin waɗanda za mu kare yake?" Aka fashe da dariya. Mutumin nan yaransa wuni suke a gona suna kaɗa gwangwani, duk da haka jan baki ya cinye masa rabin shinkafa. Kuma kachalla ta toshe hanyoyin ruwa tun da aka yi madatsun Tiga da Challawa ambaliya ta canza, a cikinta jan bakin ke ɓuya, ita ta hana kifi, ita ta cinye gonaki. Ni ban zo da maganar ko ɗaya ba, na zo da hoton agwagwa.

Sati na gaba da suka fita aikin gayya na yankan kachalla na bi su, ruwa har ƙugu, hannuna duk ya yi kanta. A nan ne tsakiyar aiki manomin nan ya matso ya ce akwai wani tsuntsu da ya taɓa faɗawa a komarsa da ƙaramin zobe na ƙarfe a ƙafa mai rubutun boko, ya ajiye zoben a gwangwanin tumatir shekara da shekaru, in ina so in zo bayan la'asar in karanta masa daga wace ƙasa ya fito.