Kwana huɗu ina fama da ruwan ɗorawa a gungun Elasticsearch ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau bayan la'asar na samo bakin zaren matsalar da ta hana ni sakat tun Lahadi, shi ya sa na zauna rubuta wannan tun abin yana da ɗumi a raina.

Ga waɗanda ba su san yadda nake aiki ba: kwamfutocin cinya uku ne 'yan gwanjo a shagon cajin waya na yayana, a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Na haɗa su gungu ɗaya, suna aiki tare da Elasticsearch, wato manhajar ajiye bayanai da bincika su. Hasken rana muke amfani da shi, babu wata wutar. Abin da nake zubawa a ciki kuwa littattafan ƙungiyar manomanmu ne, farashin riɗi da zoɓo da gero na shekaru, har da abin da ake kawo mana daga kasuwar Gujungu da ta Maigatari. Duka kwamfutocin ukun na ba su damar zama shugaban gungun, don haka muddin biyu na kunne gungun yana da rinjaye, yana aiki. Idan magariba ta yi batir ya fara ja da baya, sai in kashe ta ukun.

To a nan ciwon kan farko yake. Na sa number_of_replicas, wato adadin ƙarin kwafi bayan na asali, a 2 saboda ina son kowace na'ura ta riƙe cikakken kwafi. Da rana lafiya lau. Da na kashe ɗaya da daddare, kwafi na biyu ba shi da masauki, tunda ba a taɓa ajiye kwafi biyu na yankin bayanai ɗaya a na'ura ɗaya ba, sai launin lafiyar gungun ya tashi daga kore ya koma ruwan ɗorawa, alamar akwai kwafin da ba a ajiye ba, har gari ya waye. Na kwashe makonni ina sauya lambar da hannu safe da yamma. Da na gano index.auto_expand_replicas, mai faɗaɗa adadin kwafi da kansa, na sa masa 0-all, wato daga sifili har iyakar na'urorin da ke akwai, wallahi daɗi ya rufe ni. In kashe na'ura, adadin kwafi ya sauko da kansa. In kunna, ya hau. Mako biyu ban taɓa komai ba.

Ranar Lahadi na gama zuba takardun damunar bara masu hotuna, na buɗe sabon fihirisa, wato rumbun da ake zuba bayanai a ciki, na kunna duka ukun, sai ga ruwan ɗorawa da rana tsaka. Na duba _cat/nodes, jerin na'urorin gungun, ukun suna nan. Na duba _cat/shards, jerin yankunan bayanai, kwafi ɗaya yana zaune babu inda aka kai shi. Abu na farko da na zarga waya ce, domin ta ukun tana can lungu kuma wayar da ta haɗa ta da sauran ta tsufa. Na sauya, babu canji. Na ce ko jinkirin nan ne na minti ɗaya da gungun ke yi idan na'ura ta fita, na jira har awa guda. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Ranar Talata har na rage wa ta ukun aikin ƙwaƙwalwa, ina zaton ita ce ta gaza. Raina ya ɓaci sosai, domin tsarin da na yarda da shi ne yake nema wa kansa kwafin da ya kasa ajiyewa, kuma bai ce mini uffan ba.

Ashe yana faɗa, tambayarsa ce ban yi ba. Yau na kira _cluster/allocation/explain, amsar ta fito ƙarara: faifan ta ukun ya wuce iyakar farko ta cikowa. Faifan nata ƙarami ne, gigabait 128, kuma ya kai kashi 87 cikin ɗari. Elasticsearch yana daina kai sabon kwafi kan na'urar da ta haura kashi 85, a kashi 90 ya fara kwashe abin da ke kanta, a kashi 95 ya hana rubutu. Shi kuwa mai faɗaɗa kwafi ba ruwansa da wannan lissafin. Kawuna yake ƙirgawa kawai: na'urorin ajiya uku, to kwafi biyu. Ɗaya ya ce a yi, ɗaya ya ce babu wuri. Ku riƙe wannan da kyau, domin haka yake yi da iyakar total_shards_per_node ma, wato yawan yankunan da na'ura ɗaya za ta ɗauka, ba ya kallonta.

Abin da mai faɗaɗa kwafin yake girmamawa shi ne tacewa, wato ware wata na'ura a ce kada a ajiye fihirisar a kanta. Na sa sunan ta ukun a index.routing.allocation.exclude._name na wannan fihirisar, nan take ya daina ƙirga ta, kwafi ya sauko 1, gungun ya yi kore. Na tashi tsaye a shagon, yayana yana tambayata, "Ƙanena, lafiya?" Na ce masa lafiya ƙalau, Yaya, abin nan ne ya yi.

Farin cikin bai kai awa biyu ba na ga wani abin da ya fi tayar mini da hankali. Na zare ta biyun don gwaji, na bar ta ɗaya da ta uku. Rinjaye yana nan, gungun yana amsawa, kuma launinsa kore shar. Na duba _cat/indices, a layin kwafi an rubuta 0. Ke nan littafin damunar ƙungiya gaba ɗaya yana kan faifai guda na kwamfutar da ta girmi ɗana, kuma babu wata alama da za ta gargaɗe ni. Koren ba ya cewa kayanka suna da madadi. Abin da yake cewa shi ne duk kwafin da aka nema an ajiye shi, kuma da 0-all ni da kaina na ba shi izinin neman sifili. Na mayar da shi 1-all. Yanzu idan na'urar ajiya ɗaya ce ta rage, zai yi ruwan ɗorawa, kuma wannan ruwan ɗorawan ina son ganinsa. A ra'ayina, farawa da sifili ya dace da gungun gwaji mai na'ura ɗaya ne kawai.

Da na tsara cewa wannan watan zan koma kan binciken kalmomin Hausa masu ƙugiya, yadda wanda ya rubuta "ridi" zai samu "riɗi". Ban ko taɓa shi ba. Kuɗin da na ware na datar watan ma ya tafi, domin na aika Farm Centre a Kano a sayo mini faifai mai gigabait 256, kuma da kuɗin mota ya tasar wa naira 30,000. Ya yi mini zafi, a lokacin da ake neman kuɗin taki. Idan ya iso ranar Asabar in sha Allah zan saka wa ta ukun, in cire tacewar, in ga ko kwafi zai hau 2 da kansa. Tsohon faifan kuma zan sa shi a akwati ya zama ma'ajin hoton gungun na mako-mako, wato kwafin ajiya na duk bayanansa, wanda har yau ban taɓa ɗauka ba.