Rariyar uwargida da layin dogona

Kan ɗan jirgin ƙasan nan na wasa ya kusa shekara biyu a cikin kwalinsa, a saman kabad. Ƙanena ne ya kawo mini shi tsaraba daga Ingila, na hannu, ƙirar Hornby, da taragai uku da 'yan guntayen dogo. Ya san halina. A Sabon Garin Zariya muka tashi, ba nisa da tasha, kuma tun ina yaro in jirgi ya yi kuka ko ina cin abinci sai na fita da gudu. Ranar da ya ba ni, na jera shi a teburin falo na ɗauki hoto da waya. Abin da ya fito abin wasan yara ne tsugune kusa da filas ɗin shayi. Na mayar da shi kwali.

Bana da hunturu na sake ciro shi. Ba ni da ɗakin da zan shimfiɗa dogo ya kewaya, ba ni ma da kuɗin. Abin da nake so ɗan fili ne kawai da zan ɗora jirgin in ɗauki hoto, mai kallo ya yi tsammanin a bakin dogo na tsaya. Na je wurin kafintan unguwarmu na ce ya yanko mini falanki mai santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi. Ya ce, "Alhaji, allo za a yi wa yara?" Na ce kusan haka.

Jirgin ma'aunin OO ne, wato an rage komai sau 76. Da na zauna da biro, sai na ga falankina daidai yake da fili mai tsawon mita 45 da 'yan kai. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai dawo santimita 2 da ɗan ɗoriya. Wannan lissafin shi ya riƙa yi mini alkalanci har aka gama. Duk abin da zan ɗora, sai na tambayi kaina: in na ninka shi sau 76, me zai zama? Tsakuwar da na tsinto a ƙofar gida, wadda nake ganin ƙanana ce, sai ga shi kowace ɗaya ta fi buhun masara girma.

Wani abu kuma ya ɗan sosa mini rai. Tazarar dogon OO milimita 16.5 ce. Tsohon dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1067, don haka a wannan ma'auni kamata ya yi ya zama 14. Sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1435 ne, zai kusa 19. Nawa ya faɗo tsakiya, ba ga tsuntsu ba ga tarko. Na kwana biyu ina saƙe-saƙe, daga baya na ce milimita biyu da rabi ba za su hana ni barci ba.

Tudun da dogon zai hau na yi shi da farin soson nan da ake kunso firiji da talabijin a ciki. A nan na fara yin ɓarna. Na ɗauko gam ɗin da masu gyaran takalmi ke amfani da shi na shafa, ina kallo soson ya fara narkewa yana lotsawa kamar an ɗiga wa kitse garwashi. Sinadarin da ke cikin irin wannan gam cinye soson yake yi, haka ma fentin feshi da yawa. Farin gam na kafintoci shi ne abokin tafiyarsa, sai dai yana son haƙuri, sai ya kwana.

Ƙasar ita ce inda na fi daɗewa, kuma ita ta fi yi mini daɗi. Masu wannan sana'a a Turai sayen ƙasa da ciyawar roba suke yi a leda. Ni kuwa jar ƙasa ce a bayan gidana kyauta, kuma babu fentin da zai ba ka wannan launin. Na ɗebo rabin kwano, na soya ta a tsohon kasko don duk wani ƙwan ƙwaro ya mutu, kada wata rana in tarar gara ta yi gida a cikin aikina. Sannan na daka, na nemi abin tankaɗe. Abin da hannuna ya kai gare shi rariyar garin tuwo ce. Ina cikin tankaɗe uwargida ta fito daga kicin ta tsaya a kaina. Ta ce, "Maigida, yau tuwon ƙasa za mu ci ke nan?" Washegari na sayo mata sabuwa, tsohuwar ta zama tawa halak malak.

Bayan tankaɗe sai na bi ƙasar da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Ku zo ku ga baƙin gari da ya manne masa. Ƙasarmu akwai ƙarfe a cikinta, injin jirgin kuma akwai maganaɗisu a cikinsa, in ka bar garin nan zai tsotse shi ya shiga inda bai kamata ba.

Tsakuwar dogo da yashin kogi na yi ta, mai ɗan kauri, ƙwayar ba ta kai milimita ɗaya ba. Na zuba da cokalin shayi, na baje da busasshen buroshi, ina share duk ƙwayar da ta hau kan katakon dogo. Daga nan sai a fesa ruwa sama-sama ya jiƙa, a haɗa farin gam da ruwa rabi da rabi, a ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya, a bi da sirinji a hankali. Sabulun nan shi ne sirrin. In babu shi, gam ɗin dunƙulewa yake yi a sama ya mirgina da yashin. Lokacin da ka gama wurin zai yi fari fat kamar an zubar da nono, hankalinka ya tashi. Bar shi. Da safe za ka tarar ya bushe garau, ya yi tauri.

Sauran ba su ci lokaci ba. Gefen ƙarfen dogo na shafa masa fenti ruwan tsatsa, na goge samansa ya yi ƙyalli. Ciyawa da igiyar rama na yi, na warware na yayyanka na dasa tsibi-tsibi, ko rini ban yi ba, don launinta ke nan na busasshiyar gamba a watan Janairu. Na yi suri guda da laka. Kuka kuma da wayar tagulla na murɗe ta, na lulluɓe da garin katako da gam, tsayinta santimita 18. Na gode Allah da kuka ba ta da ganye da rani.

Sai hoto. Na farko daga tsaye na ɗauka, ya fito kamar daga jirgin sama, kuma nan take ido ya gane abin wasa ne. Ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa ta nan sai shirwa. Dole idon kyamara ya sauko inda idon ɗan mutumin nan mai santimita 2 zai kasance. Na juya wayar kai ƙasa, tunda idonta a can sama yake, na jingina ta da bakin falankin. Nan take kan jirgin ya yi girma, ya yi nauyi, har na ji gabana ya ɗan faɗi.

Matsala ta biyu, in ka matso kusa haka, gaban jirgi ne kaɗai ke fita sarai, taragon baya ya dushe, wannan dushewar kuma ita ke tona asiri. Masu babbar kyamara suna tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, wasu su ɗauki hotuna goma su haɗe a kwamfuta. Ni dai na ja baya kaɗan, na ɗauka, na datse gefe.

Bango ban zana ba, don ban iya ba. Falankin na ɗauka na hau da shi saman bene bayan la'asar, na ɗora kan kujera, na saita shi yadda hazo da bishiyoyin nesa za su zama bayansa. Rana ta gaskiya, inuwa ta gaskiya, ƙurar hunturu ta haɗe jar ƙasata da sararin Allah ba a ganin mahaɗa.

Ranar Juma'a na kai wa kawuna hoton, wanda ya yi shekaru yana aikin reluwe kafin ya yi ritaya. Ban ce masa komai ba. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce wurin ya yi masa kama da hanyar Ƙauran Namoda. Daɗi ya kama ni. Sai ya kai yatsa gaban jirgin, inda wasu faya-fayan ƙarfe biyu suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce, "Ɗana, ƙasar tamu ce, amma jirgin baƙo ne. Namu a tsakiya ake haɗa su, maƙali ɗaya." Ya miƙo mini wayar, ya ƙara da cewa tsakuwata ma ta cika tsabta, in nemi baƙin mai in ɗiɗɗiga a tsakanin ƙarafan.

Baƙin man na ɗiga tun a daren. Faya-fayan kuwa, na sayo ƙaramin zarto yau kwana huɗu, yana nan kan tebur kusa da jirgin, har yanzu hannuna ya ƙi zuwa.