Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Baba Ya Leƙa Bayan Injin Leza

A kashin makon jiya na tsayar da labari a daidai lokacin da injin da na saya ya iso daga Kano, a bayan motar haya, an ɗaure kwalinsa da igiya. Ni da yaron shagona muka kinkime shi muka shigar, maƙwabta na ta leƙe. Ƙaramin injin leza ne, wato mai zane a jikin abubuwa da tsinin haske mai zafi, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin wat 40, girmansa bai wuce akwatin lefe ba. Kuɗin adashena na shekara guda cur na zuba a kansa.

Abin da na gaya wa mutane shi ne zan riƙa rubuta sunan ango da amarya a jikin kofuna, da zana allunan karramawa da ake rabawa a taruka. Gaskiya ne, kuma shi ya riƙe shagon daga baya. Amma akwai wani buri da na ɓoye a raina, ko uwargida ban faɗa mata ba. Shekara tara na yi a gaban bakin wuta, irin na masu waldar gas, ina gyaran kayan gilashin ɗakin gwaje-gwaje a ƙarƙashin maigidana, wanda kowa ke kira Baba. Na san zafin shago a watan Afrilu a Katsina idan ka ƙara mashi harshen wuta. Na san zirga-zirgar neman iskar oksijin, da fargabar kwana da tukunyar gas a wurin da yara ke wucewa. So nake in wayi gari na jingine bakin wutan nan, haske ya riƙa narka mani gilashi, ba hayaƙi, ba tukunya, ba gumi.

Kuma ba mafarkin banza ba ne. Irin wannan leza, wadda ke aiki da iskar kabon dayoksaid, wani masani haifaffen Indiya mai suna Kumar Patel ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1964 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Haskenta ido ba ya ganinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gilashin da hasken rana ke ratsawa kamar ba komai, idan wannan hasken ya same shi tsayawa yake cak, gilashin ya shanye shi ya koma zafi. Shi ya sa ma ɗan ƙwayar tabarau da ke tattara hasken a cikin injin ba da gilashinmu aka yi ta ba, wani sinadari ne daban mai launin ruwan ɗorawa. To abin da ke shanye zafi ai zai narke. A Kalifoniya akwai kamfanin Sutter da ke ƙera na'urar da ke jan bututun gilashi da irin wannan leza har ya zama allurar da ta fi gashi siranta, masu bincike na tsikarar ƙwayar halitta da ita. Na ce a raina, in sun yi a can, me zai hana ni a nan?

Aikin kofuna ya fara shigowa tun makon farko. A nan na fara cin karo da abin da bai kwanta mani ba. Da na shafa rubutun da yatsa sai na ji kaushi-kaushi kamar yashi. Na ɗauko madubin ƙara girma na duba. Ashe farin rubutun nan da mutane ke yabawa ba komai ba ne illa dubban ƙananan tsaguwa. Hasken na dukan wuri ɗaya, wurin ya kumbura farat ɗaya, gefensa na sanyi, sai fatar gilashin ta ɓantare. Mutumin da aka horar shekara tara ya ji tsoron tsaguwa, yau ga shi yana sayar da ita. Na koyi shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a kan kofi kafin in kunna, rubutun ya riƙa fita sumul, aiki ya tafi.

Da daddare, bayan isha'i, idan na sallami yaro, sai in koma kan burina. Na fara da bututun gilashi na gama-gari, irin wanda ake yin kwalba da tagogi da shi. Ko daƙiƙa biyar bai yi ba ya tarwatse. Ban yi mamaki sosai ba, domin irin wannan idan ya ji zafi kumburinsa ya kusa ninka na gilashin gwaje-gwaje sau uku. Sai na ɗauko mai kyan, wanda muke kira Pyrex, mai sinadarin boron, wanda ba ya laushi sai zafi ya kai wajen digiri 820. Na ɗora bakinsa a ƙarƙashin hasken. Wallahi sai ga wurin ya yi sheƙi, ya narke kamar an ɗiga mai. Na yi hamdala, na ajiye shi a kan tebur, na shiga share shago. Ina cikin shara na ji ƙas! Na waiwaya, bututun ya tsage daga inda ya narke har tsawon ɗan yatsa.

Sati uku ina wannan. Na lalata bututun da ya isa in yi wa makaranta guda gyara. A hankali na gano inda gizo ke saƙar. Harshen wuta lulluɓe gilashi yake, ya gasa inda kake aiki, ya ɗumama gefe da gefe, zafin ya bi jiki a hankali. Ita kuwa leza ta tattara ƙarfinta kaf a wurin da bai kai kan allura ba, kuma a fatar sama kawai, alhali gilashi ba ya saurin miƙa zafi ciki. Sama ya zama ruwa, ƙasa na nan sandare, da sun zo hucewa kowa ya ja nasa gefen. Na sauke teburin injin ƙasa don hasken ya baje, na haɗa ƙaramar mota ta tsohon rikoda tana juya bututun. Da wannan dabarar na samu na goge kaifin bakin siririn bututu ya yi santsi. Iyakar abin da na cimma ke nan. Haɗa bututu biyu, ko busa ƙwallo, ko lanƙwasa mai kauri, ko kusa.

Duk wannan lokacin ban je na gaida Baba ba. Kunyarsa nake ji, don na san labari ya kai mashi cewa yaronsa ya sayo injin da zai kashe sana'a. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a ƙofar shago, jikansa ya ɗauko shi a babur daga wajen Ƙofar Marusa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, ɗana. An ce ka yi baƙo, na zo in yi mashi sannu da zuwa."

Na nuna mashi kofuna, ya jinjina kai. Na nuna mashi tarin bututun da suka tsage a kwali, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi sama yana juyawa, bai ce uffan ba. Daidai lokacin ne ruwan bokitin da ke sanyaya injin ya ɗauki ɗumi, don dole ruwan ya zauna da sanyi, kada ya haura digiri 25 sosai, mu kuwa a nan ƙanƙara muke saye muna jefawa. Na kashe wuta na buɗe murfin baya in duba tiyo. Baba ya matso ya leƙa.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ce, "Kai, wannan ai kwandensa ce."

Ga waɗanda ba su sani ba, kwandensa bututu ne a cikin bututu, ruwan sanyi na zagayawa a tsakani don tururi ya koma ruwa. Ita ce jarrabawar duk mai koyon aikinmu, kuma ita Baba ya sa na maimaita har sai da yatsuna suka yi kanta. Ni da na yi wata guda da injin ban taɓa kallon abin da idon nan ba. Zuciyar lezar ashe doguwar kwalba ce mai hawa uku: siririn bututu a tsakiya inda hasken ke haihuwa, rigar ruwa a kewaye da shi, sai babbar riga ta waje mai riƙe iskar, da wani ɗan bututu da aka naɗe kamar gammo a gefe ɗaya. Baba ya miƙa yatsa zai taɓa, na riƙe hannunsa da sauri, don wutar da ke shiga wurin dubban bolt ce, kuma tana iya saura ko bayan an kashe. Ya janye, ya ci gaba da nuni daga nesa.

"Dubi wannan haɗin. Ka ga inda ya ɗan yi kauri? Nan ya tsaya ya busa. Wani ɗan'uwanmu ne a can ƙasarsu ya zauna gaban bakin wuta ya yi wannan, kuma hannunsa na da kyau. Allah Ya yi mashi albarka."

Idona ya cika da ƙwalla. Mutumin nan a ƙuruciyarsa har Bida ya je ya zauna wurin Masaga, masu narka kwalabe da zugazugi suna yin awarwaro da duwatsun wuya, don kawai ya ga yadda suke bi da wuta. Yau kuma ya leƙa cikin injin da na ɗauka kishiyar sana'arsa ce, ya tarar da sana'ar tasa zaune a ciki.

Ya sa na kunna bakin wuta, na rage shi ya zama laushi mai ja-ja. Ya ɗumama bututu da kansa, a hankali, yana juyawa, hannun na rawa amma juyin bai karkace ba. Ya miƙo mani ya ce in sa a injin da zafinsa. Na sa, na rufe murfi, na kunna. A nan zan roƙi duk wanda ke da irin wannan injin: kada ka taɓa aiki murfi a buɗe, hasken da ba ka gani ɗin nan yana ƙona ido kafin ka ƙifta. Da na fito da bututun, Baba ya sake lasa mashi wuta, sannan ya tura shi cikin gwangwanin toka mai ɗumi, yadda muke yi idan ba tanderu. A tanderu wajen digiri 560 ake riƙe irin wannan gilashin kafin a bar shi ya huce sannu a hankali. Muka zauna muka sha fura. Da la'asar muka tono shi, lafiya lau, ba tsaguwa ko ɗaya. Yana nan a aljihun teburina har yau.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ina tsakiyar aikin kofuna 200 na wani biki da za a yi a Daura, aka ɗauke wuta. Muka tayar da janareta, na ci gaba da aiki, ban lura filogin famfon ruwa bai koma soket ba. Ban fi minti kaɗan ba na ji wannan ƙarar da na sani sarai, ƙas, daga bayan injin. Saura kofi 130, biki saura kwana shida. Na naɗe kwalbar a cikin bargo, na tari mai Keke Napep, na ce mashi Ƙofar Marusa.

Abin da Baba ya ce da ya warware bargon, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.